Fitilun mota: wutar da ta fita, tilas ta komo gida

Duk mai bin babbar hanya mai lamba 1 da dare, daga Yamai zuwa Dosso, Birnin Ƙonni, Maraɗi har Damagaram, ya san fargabar fitila guda da ke tahowa cikin duhu. Direba ya zaci babur ne, sai an kusa gamuwa ya tarar kamyo ce mai ido ɗaya. Sau da yawa kuwa ƙwan fitilar lafiyarsa lau, hanyar wutar ce ta yanke. Saboda haka ya kamata masu karatu, musamman ma'aikatan da aka danƙa wa motocin hukuma, su san yadda wannan wuta ke tafiya.

Tushenta batir ne. Na ƙananan motoci yana ba da volt 12, manyan kamyo kuwa yawancinsu ana haɗa musu batir biyu su ba da volt 24. In injin ya tashi, dinamo ke ɗaukar nauyin fitilu, yana kuma mayar wa batir abin da ya kashe.

To, ga ƙa'idar da kome ya rataya a kanta: wutar lantarki ba ta aiki sai ta fita ta komo. Tana barin batir ta waya, ta ratsa fizibil, ta bi ta makunni, ta shiga ƙwan fitila. Komowarta fa? Masu ƙera mota ba su ja mata waya ta biyu har batir ba, ƙarfen jikin motar suka mayar hanyar komowa. Shi ne masu gyara ke kira mas. A ƙasarmu ta ƙura da girgizar hanya, nan ne ciwon ya fi kamawa. Ƙusa ta kwance, ko tsatsa ta ci wurin da waya ta kama ƙarfe, sai wuta ta rasa hanyar gida. Ba ta kan haƙura ba, takan nemi ɓarauniyar hanya ta cikin wani ƙwan. Abin da ya sa ke nan za ka ga direba ya taka birki, fitilar juyawa ta yi ɗan haske dishi-dishi, ko kuwa ya kunna ta juyawa, fitilun baya duka su kama rawa. Mai motar ya yi ta sayen ƙwai, alhali kankare tsatsa da ɗaure ƙusa guda sun isa.

Kowace fitila da abincinta. Ƙwan gaba irin H4 yana da zare biyu, na hasken nesa mai wat 60 da na hasken kusa mai wat 55. Na birki da na juyawa wat 21 ne, na baya wat 5 kawai. Shi ya sa jan birki ya fi haske, don na bayanka ya bambance. Fitilun gaba biyu na jan kusan amper 10, nauyin da kan gajiyar da ƙaramin makunni, don haka a motoci da yawa ake sa rele a tsakani, makunni ya ba da umurni, rele ya ɗauki kayan.

Fitilar juyawa kuwa wani ɗan akwati ke yanke mata wuta yana mayarwa, sau 60 zuwa 120 a minti. A motoci da yawa, in ƙwai ɗaya ya ƙone sai ƙiftawar ta ƙara sauri. Wannan gargaɗi ne ga direba. Haka kuma yakan faru in an sa ƙwan LED na zamani, domin wutar da yake ci kaɗan ce, akwatin ya ɗauka ƙwan ya mutu.

Launi ma ba ganin dama ba ne. Ja na baya ne, ruwan lemo na juyawa, fari na gaba. Dattawa na tuna motocin Peugeot masu fitilun gaba ruwan ɗorawa. Dokar Faransa ce ta tilasta wannan launi, har aka janye ta a 1993. Amma ƙyale-ƙyalen shuɗi da kore da wasu samari ke liƙa wa motoci da babura, ruɗa jama'a kawai suke yi.

Saura fizibil, wanda aka fi zalunta. An yi shi da siririn ƙarfe don ya narke in wuta ta wuce kima, ya ceci wayoyi. A irin na roba mai ƙafa biyu, ja amper 10 ne, shuɗi 15, rawaya 20. In ya ƙone, aka sa sabo mai lamba ɗaya da shi ya sake ƙonewa, to akwai wayar da ta goge tana taɓa ƙarfe, sai a neme ta. Wanda ya cusa guntun waya ko takardar kwalin taba a gurbinsa, ya mayar da zafin cikin wayoyin da ke bayan sitiyari, inda robarsu za ta narke ta kama wuta.