Ko Kun Sani? Mazurarin Mahaukaciyar Guguwa

Tun shekarar 2002, Cibiyar Hasashen Guguwa ta Amurka da ke Miami take zana taswira mai siffar mazurari don nuna inda tsakiyar guguwa za ta iya bi. Mutane da yawa suna ɗauka faɗin mazurarin girman guguwar ne. Alhali rashin tabbas yake nunawa, domin kusan sau biyu cikin uku ne tsakiyarta ke zama a ciki.

A watan Agustan 2004, jama'ar Florida suka zuba ido kan siririn layin da ke tsakiyar mazurarin, wanda ya nufi Tampa. Sai guguwar Charley ta karkata, ta afka wa Punta Gorda, garin da tun farko yake cikin mazurarin.