Aminu Ala: Baitin Malamai a Kan Fiyano

Jama'a masu sauraro, musamman manoman rani na Madobi da Kura da Bunkure, ku da ke jin mu daga bakin kanal kuna jiran ruwan Tiga ya iso fangalinku, shirinmu na yau a kan mawaƙi Aminu Ladan Abubakar ne, wanda aka fi sani da Ala, ɗan unguwar Yakasai a birnin Kano, haihuwar 1973.

Ala ya fara da rubuta littafi kafin duniya ta san muryarsa, kuma ana jin haka a bakinsa. Baitinsa na gidan su Sa'adu Zungur da Aƙilu Aliyu ne: ƙafiya zaunanniya, Hausa mai nauyi, ga Larabci jefi-jefi. Sai ya kinkimi wannan kaya ya ɗora a kan fiyanon situdiyo, wanda a lokacin dattawa ke yi wa kallon kiɗan soyayyar 'yan fim. Dattijon da a da yake kau da kai in an kunna fiyano, sai ga shi yana cewa, "Yaro, maimaita min."

A 2009 Hukumar Tace Finafinai ta Kano, ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim, ta sa ƙafar wando ɗaya da 'yan fim da marubuta da mawaƙa. Ala ya mayar da martani da "Hasbunallahu", waƙar da ta kai ƙarar azzalumi wurin Allah. Kotun tafi-da-gidanka ta haramta waƙoƙi 11, har da ita da "Girgiza Kai" ta Ziriums, mawaƙin hip-hop. A watan Yuli aka kama Ala, ya kwana a kurkuku kafin a ba da belinsa.

To, amma wa zai kama waƙar da ta riga ta shiga waya? Zamanin Bluetooth ne da memori. Ka je wurin mai caji a bakin tasha, ka ce "Turo min ta Ala", ka jefa wayar a aljihu, tana yi kana cirar ciyawa a gonar shinkafa. Haramcin ma talla ya yi mata.

Ni dai a kunnena, waƙoƙin sarauta da ya yawaita daga baya, duk da kyansu, ba su kai na wancan lokaci kaifi ba. Masoyansa na Kura za su iya musa min, layinmu a buɗe yake. Kafin nan, a gyara zama, ga muryar Ala nan tafe.