Ciwon Asma: Abin da Bincike Ya Gano da Sauyin da Aka Samu Wajen Magani

Duk shekara idan hunturu ya kama, ƙura ta turnuƙe gari, malaman asibiti sukan ga ƙaruwar masu zuwa da sarƙewar numfashi, yara da manya, wasu ma a tsakar dare. Da yawa daga cikinsu ciwon asma ne ke damunsu, wanda Hausawa suka daɗe da sani da sunan fuka. Tun da fari ya kamata a raba shi da tarin fuka, watau tibi, domin kamannin suna yakan rikitar da jama'a. Tibi ƙwayar cuta ce ke kawo shi, ana ɗaukarsa daga wani, kuma yana warkewa idan aka sha magani yadda ya kamata. Asma kuwa ba a ɗaukarta ta hanyar tari, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko kwana a ɗaki ɗaya. Saboda haka babu dalilin ƙyamar mai ita, ko hana shi aure, ko cire yaro daga makaranta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ne ke fama da asma a duniya, kuma ta yi sanadin mutuwar mutum 455,000, galibinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. A nan Nijeriya, wani bincike da likitocin ƙasar nan suka yi a kan mutum fiye da 20,000, aka buga sakamakonsa a 2019, ya nuna cewa masu ciwon sun kai kimanin miliyan 13. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne yawan waɗanda ba su san suna da shi ba. A shekarar 2024 aka buga sakamakon wani bincike da aka yi a kan 'yan makaranta fiye da 27,000 a birane shida na Afirka, ciki har da Legas da Kumasi. Kimanin 12 cikin 100 sun ce ƙirjinsu ya yi kuka a cikin shekarar da ta gabata, amma a cikin kowane goma daga cikinsu, takwas babu likitan da ya taɓa gaya musu sunan ciwonsu.

Abin da ke faruwa a cikin huhu

Iskar da mutum ke shaƙa takan bi ta maƙogwaro, ta rarrabu cikin ƙananan hanyoyi masu kama da rassan itace, har ta isa ƙarshen huhu. A jikin mai asma, fatar cikin waɗannan hanyoyi a kumbure take ko da yaushe, ko da kuwa yana jin lafiya lau. Da zarar wani abu ya taɓa su, kamar ƙura, ko hayaƙi, ko sanyi, ko mura, sai naman da ke kewaye da su ya tsuke, kumburin ya ƙaru, majina mai kauri ta taru. Daga nan sai tari ya taso, musamman da dare ko da asuba, ƙirji ya yi nauyi, numfashi ya riƙa fita da ƙara kamar fito.

Ke nan matsala biyu ce a haɗe: tsukewa, wadda ake ji, da kumburi, wanda ba a ji. Duk wanda ya gane wannan, ya gane dalilin da ya sa likitoci suka sauya yadda suke bi da ciwon a 'yan shekarun nan.

Darasin da aka koya da tsada

Ƙaramin gwangwanin maganin shaƙa da ake kira inhela ya fara fitowa ne a Amurka a shekarar 1956. A 1969 aka fara sayar da salbutamol a Ingila da sunan Ventolin, watau inhelar nan shuɗiya da kowa ya sani. Aikinta shi ne sassauta naman da ya tsuke, kuma tana yin haka cikin 'yan mintoci. A 1972 kuma aka samu maganin shaƙa mai kwantar da kumburi, mai suna beclometasone, daga jinsin magungunan da ake kira sitiroid.

To, amma ɗan Adam ya fi riƙe abin da ke ba shi sauƙi nan take. Maganin kumburi sai an yi kwanaki ko makonni ana shaƙarsa kafin a ga amfaninsa, don haka masu ciwon suka riƙa watsi da shi, suka rungumi shuɗiyar kaɗai. Alhali kuwa tarihi ya riga ya yi gargaɗi. A shekarun 1960 an samu hauhawar mace-macen masu asma a Ingila, aka danganta shi da yawan shaƙar wani magani mai ƙarfi na buɗe hanyar iska. Daga 1976 irin haka ta sake faruwa a ƙasar Niyu Zilan da wani maganin mai suna fenoterol, kuma mace-macen ba su ragu ba sai da aka taƙaita amfani da shi wajen 1990. Maganin buɗe hanya yakan ɓoye tsananin ciwo: mutum yana jin sauƙi, kumburi kuwa yana ci a ƙarƙashi, har ranar da inhelar za ta kasa.

Duk da haka an ɗauki kusan shekara 50 ana gaya wa mai ƙaramar asma cewa shuɗiyar inhela ta ishe shi. Sai a shekarar 2019 kwamitin masana na duniya mai tsara ƙa'idojin kula da asma, wanda aka kafa a 1993 ake kuma kiransa GINA, ya janye wannan shawara ga manya da matasa. Dalilinsa shi ne sakamakon manyan gwaje-gwaje da aka buga a 2018 da 2019 a kan wata inhela da ta haɗa magani biyu wuri ɗaya: budesonide mai kwantar da kumburi, da formoterol mai buɗe hanya da sauri. A ɗaya daga cikin gwaje-gwajen, waɗanda suka riƙa shaƙar wannan haɗi duk lokacin da numfashinsu ya sarƙe sun samu raguwar mummunan tashin ciwo da kusan kashi biyu bisa uku, idan aka kwatanta da masu shaƙar maganin buɗe hanya kaɗai.

Dabarar a nan mai sauƙi ce. Maimakon a yi ta faɗa da halin ɗan Adam, sai aka bi da shi: tun da mai ciwo ba ya mantawa da inhelarsa sa'ad da ya matsu, to, a saka maganin kumburi a cikinta. Wanda ciwonsa ya fi tsanani kuwa, inhelar nan guda ita ce zai shaƙa safe da yamma, ita ce kuma zai jawo idan ciwo ya taso. A 2023 Amurka ta amince da wani haɗin makamancin wannan, na salbutamol da budesonide, domin manya. A watan Nuwamba na 2024 hukumomin lafiya na Birtaniya su ma suka sauya ƙa'idojinsu zuwa wannan tafarki.

Ba a ce a jefar da shuɗiyar inhela ba. Har yanzu tana ceton rai, kuma ita ce ake amfani da ita a ɗakin gaggawa. Abin da aka ce shi ne kada ta zama ita kaɗai. Wanda ba shi da halin sayen inhelar haɗi, sai ya riƙe biyu: ta kumburi kowace rana, shuɗiya kuma idan buƙata ta taso. Masana sun ba da ma'auni mai sauƙin riƙewa: wanda ke ƙarar da shuɗiyar inhela uku ko fiye a shekara yana cikin haɗarin mummunan tashin ciwo, wanda kuwa ke ƙarar da guda a kowane wata, rayuwarsa ce ke cikin haɗari.

Wasu sukan tsorata da jin kalmar sitiroid. Wanda ake shaƙa ɗan mitsitsi ne, kai tsaye yake zuwa huhu, kuma kurkure baki bayan shaƙa yakan hana 'yar matsalar da yake jawowa a baki da maƙogwaro. Abin tsoro shi ne ƙwayoyin sitiroid na haɗiya, irin su prednisolone da dexamethasone, waɗanda mutane ke saye a kantin magani suna sha wata da watanni ba da izinin likita ba. Waɗannan sukan jawo hawan jini, da ciwon sukari, da raunin ƙashi, da yanar ido. Suna da amfani ƙwarai idan ciwo ya yi tsanani, amma na 'yan kwanaki kawai. Haka nan masana sun daina ba da shawarar salbutamol na haɗiya ko na ruwa, domin jinkirinsa da yawan sa rawar jiki da bugun zuciya. Ita ma ƙwayar montelukast, wadda ake yawan ba yara, hukumar magunguna ta Amurka ta sa mata babban gargaɗi a 2020 saboda takan jawo wa wasu mugun mafarki, ko ƙunci, ko sauyin hali. Iyayen da suka ga haka sai su sanar da likita.

Sababbin allurai

Akwai kaɗan daga cikin masu asma waɗanda inhela ba ta isarsu ko da sun kiyaye ƙa'ida. Saboda su aka ƙirƙiro allurai masu auna takamaiman sinadarin da ke hura kumburin. Ta farko, omalizumab, ta samu amincewa a Amurka a 2003. Sai mepolizumab a 2015, benralizumab a 2017, dupilumab a 2018, da tezepelumab a 2021. Wasunsu suna rage wani jinsi na fararen ƙwayoyin jini da ake kira iyosinofil, wanda yawansa ke tsananta ciwon. Akan yi su ne bayan mako biyu, ko huɗu, ko takwas, kuma a 2024 aka buga sakamakon gwajin wata mai suna depemokimab da ake yi sau biyu kacal a shekara.

A watan Nuwamba na 2024 masu bincike a Ingila suka buga sakamakon gwajin benralizumab da suka yi a kan mutum 158 a daidai lokacin da ciwonsu ya tashi. Bayan kwana 90, magani ya gaza ga 45 cikin 100 na waɗanda aka yi wa allurar, alhali ya gaza ga 74 cikin 100 na waɗanda aka ba ƙwayar sitiroid kaɗai. Gwajin ƙarami ne, sai an maimaita shi a kan mutane masu yawa. Kuma gaskiyar magana ita ce tsadar waɗannan allurai ta fi ƙarfin yawancin jama'ar ƙasar nan, yawancin masu asma ma ba su buƙatarsu.

Iskar da ake shaƙa

Asma takan bi jini, amma muhalli yana da nasa hannu. A 2016 aka kwatanta yaran wasu al'ummu biyu na manoma a Amurka masu kusancin asali. Waɗanda ke zaune dab da garken shanu da dawaki, suna noma irin na gargajiya, asma ta yi ƙaranci a cikinsu har kusan ninki huɗu, kuma masana na ganin cuɗanya da ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙurar garke tun ana jariri ita ke horar da garkuwar jiki. Wannan bai zama hujjar kai mai asma cikin ƙura ba, domin wanda ciwo ya riga ya kama, ƙura tayar masa da shi take yi. A ɗaya gefen kuma, a 2020 mai binciken musabbabin mutuwa a birnin Landan ya tabbatar cewa gurɓatacciyar iskar titi na cikin abin da ya kashe wata yarinya mai asma 'yar shekara 9 a 2013.

A gidajen ƙasar nan abubuwan da suka fi tayar da ciwon sanannu ne: hayaƙin itace da gawayi da risho, hayaƙin janareto, taba da shisha, turaren wuta, maganin sauro na kunnawa da na fesawa, ƙurar shara, kyankyasai, da tsohuwar katifa. Yayyafa ruwa kafin shara, da girki a sarari, da rufe hanci da baki da ƙyalle lokacin hazo, duk suna taimakawa. Wasu magunguna ma sukan tayar da shi, kamar asfirin da ibuprofen ga wasu mutane, da maganin hawan jini irin su propranolol. Don haka mai asma ya riƙa faɗin ciwonsa kafin a rubuta masa kowane magani.

Samun magani da yin amfani da shi daidai

Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa haɗin budesonide da formoterol cikin jerin muhimman magunguna. Amma farashin inhela ya hau ƙwarai a Nijeriya daga 2023, sakamakon faɗuwar darajar Naira da janyewar kamfanin GSK daga sayar da kayansa kai tsaye a ƙasar. Inda tsada ta shigo kuwa jabu kan biyo baya, saboda haka a riƙa saye a kantin magani mai rajista, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a kuma karanta sunan magani, domin launin inhela yakan bambanta daga kamfani zuwa kamfani.

Maganin da aka saya da tsada yakan tafi a banza idan ba a iya shaƙarsa ba. A girgiza gwangwanin, a fitar da numfashi, a danna sa'ad da aka fara jan iska sannu a hankali, sa'an nan a riƙe numfashi kamar daƙiƙa goma. Yara da tsofaffi sukan kasa daidaita dannawa da jan iska, shi ya sa ake sa wata 'yar roba tsakanin inhela da baki. Binciken da aka yi a Afirka ta Kudu, aka buga a 1999, ya nuna cewa robar lemon kwalba mai cin rabin lita, idan aka huda gindinta daidai bakin inhela aka toshe gefen hudar, tana aiki kamar ta kanti. Malamin asibiti zai iya nuna yadda ake yi.

Idan ciwo ya tashi, a zaunar da mai shi a miƙe, kada a kwantar da shi. A ba shi shuɗiyar inhela danni ɗaya-ɗaya, da tazarar rabin minti zuwa minti guda, har danni goma idan ya kama. Idan bai samu sauƙi ba, ko ya kasa ƙarasa magana, ko leɓɓansa da harshensa sun sauya launi, ko ya fara gyangyaɗi da ruɗewa, ko ƙirjin da ke kuka ya yi tsit alhali yana ta haki, to, a garzaya da shi asibiti nan take, ana ci gaba da ba shi inhelar a kan hanya. Ko an sallame shi ya ji sauƙi, ya koma wurin likita cikin mako guda domin a sake duba maganinsa na kullum.