Hunturu a Malanbil: Buhun Gawayi da Kaskon da Ke Kwana a Ɗaki

Da zarar watan Disamba ya kama, iskar hunturu ta fara kaɗowa daga arewa, duk wanda ya taɓa kwana a bakin kogin Kwara ya san sanyin Malanbil ba na wasa ba ne. Da rana hazo da ƙura, da asuba kuwa ma'auni kan sauka ƙasa da digiri 20, ga sanyin ruwa da ke tasowa daga kogi yana ratsa ƙashi. Mutumin Agadas zai ce wannan ai ba ɗari ba ne, to amma shi da bargonsa yake tafe. A wannan lokaci ne kasuwar masu gawayi ke buɗewa, domin bayan na girki da na shayi da na mai tsire, sai ga na jin ɗumi ya shigo lissafin maigida.

Kasuwarmu ita ake lissafawa ta biyu a girma a Jamhuriyar Benin bayan Dantokpa ta Kwatano, kuma da yawan masu cin ta ba 'yan gari ba ne. Daga Gaya da Doso da Kamba da Kandi ake zuwa, a kwana biyu ko uku a rumfa ko a shago ko a sito, wani a bisa buhunan albasarsa. Ga direbobin manyan motoci da yaransu, ga masu gadi, ga 'yan dako. Tun da aka rufe gada bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, hada-hada mai yawa ta koma bakin ruwa wajen masu kwale-kwale, inda sanyin ya fi tsanani. Duk waɗannan mutane abu guda suke nema in dare ya yi, wato kasko ko kurfoti da ƙullin gawayi na dala ashirin ko hamsin.

Gawayin da muke ƙonawa daga daji yake fitowa, ta hanyar Kandi da ƙauyukan da ke gefenta, kuma ba kowane icce ke ba da mai kyau ba. Tun kaka da kakanni maƙera sun san babu kamar na kirya, shi ne mai nauyi, mai daɗewa, mai ƙarancin toka. Na marke ke bi masa. Na icce mai taushi kuwa, kafin ruwan alwala ya yi zafi ya zama toka. A irin ƙonin da ake yi a karkara, inda ake jibge itace a rufe da ciyawa da ƙasa a bar shi kwanaki yana ci a hankali, sai an ƙone kilo 6 zuwa 10 na icce kafin a sami kilo 1 na gawayi. Wannan ya sa kiryar da iyayenmu ke sara a bayan gari yanzu sai an yi tafiya mai nisa, har wasu marasa tsoron Allah suka koma kan kaɗanya, itaciyar da matanmu ke cin abinci da ita.

Dokar gandun daji ta Benin, mai lamba 93-009 ta ranar 2 ga Yuli 1993, ba ta yarda a sari icce don kasuwanci ba sai da izini, haka ma ɗaukar gawayi a mota sai da takarda. Dazuzzuka irin na Gungun da na Sota keɓaɓɓu ne, balle gandun W. Ɗan kasuwar da ke sha'awar sarin gawayi ya fara tambayar takarda kafin ya tambayi farashi, domin jami'an gandun daji ba su san “ban sani ba”. Bugu da ƙari, tun da Najeriya ta janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi a duk yankin nan, kuma a bisa buhun ake ɗora shi.

Shi kansa buhun sai an yi hattara. Kowa ya san yadda ake ɗinke bakinsa da igiya, a jera manya-manyan gawayi a sama kamar hula. Abin da ke ƙasa shi ne magana. Wani buhun kashi ɗaya cikin uku gari ne da ƙasa, wani kuma an cusa guntayen icce da ba su gama ƙuna ba, waɗanda za su cika maka ɗaki da hayaƙi. Mai saye ya ɗaga gindin buhun ya girgiza, in ya ji yana zuba kamar yashi to gari ne. Ya ɗauki guda biyu ya buga da juna, mai kyau ƙara yake yi kamar ƙarfe, in an karya shi cikinsa baƙi ƙirin yana sheƙi. Nauyi kaɗai ba shaida ba ne, don jiƙaƙƙen gawayi ma nauyi gare shi, sai dai shi ba ya ƙara, kuma in aka hura shi sai tartsatsi da tururi. In mai sayarwa ya ƙi a zazzage buhu a gabansa, ai ya riga ya ba ka amsa. Abin takaicin shi ne talakan da ke sayen ƙullin leda kullum shi ya fi kowa biya da tsada, kuma galibi garin ƙasan buhun ake ƙulla masa.

Abokanmu na ƙetaren kogi sun san wani gawayin dabam, wanda ake haƙowa daga ƙasa, wato kwal. Nijar tana da shi a Anu Araren kusa da Cirozerin a jihar Agadas, inda kamfanin SONICHAR da aka kafa a 1975 ke ƙona shi don samar da lantarki, akwai kuma wani a Salkadamna cikin jihar Tawa. A 2004 aka kafa kamfanin SNCC don a gasa kwal ɗin a rage masa hayaƙi, a sayar wa magidanta ko daji ya huta. Ya fi na icce wuyar kamawa, ya kuma fi shi daɗewa yana ci, kuma murhu nasa na musamman yake so. Wanda ya same shi ya sani cewa na girki ne a tsakar gida, duk abin da za mu faɗa a ƙasa ya shafe shi, har da ƙari.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Kusan kowa a cikinmu an koya masa cewa a hura gawayi a waje, in ya yi ja hayaƙi ya ƙare sai a shiga da shi ɗaki, shi ke nan babu komai. Wannan magana ta kashe mutane da yawa. Hayaƙin da ido ke gani ba shi ne makashin ba. Gawayi ko ya yi ja zur, muddin yana ci a wurin da iska ba ta isa, yana fitar da wata guba da likitoci ke kira kabon monoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari balle ta tashe ka. In ta shiga huhu, jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar oksijin sau 200 da ɗoriya, sai ƙwaƙwalwa da zuciya su rasa abin da suke rayuwa da shi. Mai ido biyu zai ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala. Mai barci ba ya jin komai, daga barcin sai wucewa. Wani ma yakan farka ya gane akwai matsala, amma ƙafafu su ƙi kai shi bakin ƙofa.

Dattawa za su ce ai su da wuta suka kwana a ɗaki duk tsawon rayuwarsu, ga su nan da ransu. Gaskiya ne, amma a wane ɗaki? Ɗakin ciyawa da bukkar zana numfashi suke yi ta ko'ina. Namu na yau bulo ne da siminti da silin da ƙofar ƙarfe, sannan don tsoron sanyi a toshe taga da kwali, a cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa. Mafi muni shi ne kwantenar da aka mayar shago, da kan babbar mota in an ɗaga gilashi, inda yaran mota kan shigar da kurfotin shayi su kwanta. Mai gadin da aka kulle a sito tare da kaya shi ma yana cikin wannan hatsari, kuma alhakinsa yana wuyan mai kayan. Haka ɗakin mai jego, inda al'ada ta ce kada wuta ta mutu, alhali jariri da mai ciki da tsoho da mai ciwon zuciya su gubar ke fara kayarwa.

Mu da ke aikin rediyo mun san yadda ake ba da irin wannan labari a garuruwanmu. An kwanta lafiya, da safe an fasa ƙofa, sai a ce abinci ne aka sa wa guba, ko iska ce, ko a fara zargin kishiya. Kaskon da ke kusurwar ɗaki ya riga ya zama toka, ba mai kallonsa. Ajali gaskiya ne, amma in mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai lokaci guda, suka kuma ji sauƙi da suka fita waje, kada a nemi wani dalili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida, ta itace da gawayi da kwal da kananzir, ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2, akasarinsu a hankali ta hanyar ciwon huhu da na zuciya.

Ba cewa muke kada a ji ɗumi ba. A ji shi a zaure ko a rumfa ko a tsakar gida, in kuma an shiga da kasko ɗaki to ƙofa ta zauna a buɗe, kuma kafin kowa ya kwanta a fitar da shi waje gaba ɗaya, ba a rufe shi da toka a bar shi ba, don a ƙarƙashin tokar yana nan yana ci. A nisanta shi da katifa da gidan sauro da buhuna, musamman jarkokin fetur da ake ajiyewa a shaguna da gidaje. Wanda ke son ɗumi ya kai shi asuba ya gasa bulo ko dutse a waje, ya naɗe da tsumma ya sa a ƙafa. Kuɗin ƙullin gawayi na makonni kaɗan ma ya isa bargo a layin 'yan gwanjo.

In kuwa aka tarar da wani ya galabaita a ɗakin da aka kwana da wuta, a fara buɗe ƙofa da taga, a jawo shi waje cikin hanzari, mai ceton ma kada ya daɗe a ciki. A kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa madara ko manja ko rubutu alhali ba ya cikin hayyacinsa, don zai iya shaƙewa. A wuce da shi asibitin yanki na Malanbil da Karimama ko wanda ya fi kusa, ko da ya farfaɗo a hanya, domin gubar kan bar illa a ƙwaƙwalwa da ba ta bayyana sai bayan kwanaki. Maganinta oksijin ne, kuma a gaya wa likita tun daga bakin ƙofa cewa da gawayi aka kwana, a kawo sauran waɗanda suka kwana a ɗakin su ma a duba su.