Kiɗan Lantarki: Wa Ya Shuka, Wa Ya Girbe?

Ran 12 ga watan Yuli na shekara ta 1979, mutane wajen 50,000 suka taru a filin wasan bezbol na Comiskey, cikin birnin Shikago na ƙasar Amurka. Akasarinsu ba kallon wasa ya kawo su ba. Wani mai gabatar da shiri a radiyo, Steve Dahl, shi ne ya yi shela cewa duk wanda ya zo da faifan kiɗan disko za a bar shi ya shiga da kuɗin da bai kai dalar Amurka 1 ba, sa'an nan a tara faya-fayan a tsakiyar fili a tarwatsa su da nakiya. Haka kuwa aka yi. Samari suka ɓalle cikin fili, suka kunna wuta, suka tumɓuke ciyawa, har wasa na 2 da aka shirya yi a daren bai yiwu ba. Manyan kamfanonin faya-fayai suka ga alamar kasuwa ta juya, suka fara janye jiki daga disko.

Cikin yaran da aka ɗauka aikin nuna wa ƴan kallo wurin zama a daren nan akwai wani baƙar fata mai suna Vince Lawrence. Ya faɗa daga baya cewa da yawa cikin faya-fayan da aka kawo domin a lalata ba na disko ba ne, na mawaƙa baƙaƙen fata ne kawai. Shekara 5 bayan haka, sai ga sunan wannan yaro a kan faifan da ake ɗauka shi ne na fari cikin wani sabon kiɗa, wanda yau ake rawarsa daga Ingila har Afirka ta Kudu.

Mafarin abin wani gidan rawa ne da Robert Williams ya buɗe a 1977, a lamba 206 ta titin South Jefferson. Sunansa Warehouse, wato mangaza, domin ginin ya fi kama da wurin ajiyar kaya. Masu zuwa wurin yawancinsu baƙaƙen fata ne, da dama cikinsu maza masu neman jinsinsu, waɗanda sauran gidajen rawa na birnin ba su marhabin da su. Williams ya ɗauko wani saurayi daga Niyok, Frankie Knuckles, ya ba shi aikin dije, wato mai sa faya-fayai. Daga sunan wannan gida ne, inji mafi yawan masu ba da tarihin, kiɗan ya samu sunansa na house.

Ya kamata mai karatu ya san abin da dije yake yi, domin mutane da yawa sun ɗauka danna maɓalli ne kurum. Gabansa akwai injin juya faifai guda 2, tsakaninsu akwatin haɗa sauti. Faifai ɗaya yana fita ta amsa-kuwwa jama'a suna rawa, shi kuwa yana sauraren na 2 shi kaɗai a kunne, yana rage masa gudu ko yana ƙara masa, yana tura shi da yatsa, har bugun gangunan duka biyun ya hau daidai kan juna. Sa'an nan a hankali ya shigo da sabon, ya janye tsohon, ta yadda ƙafar mai rawa ba za ta san an sake waƙa ba. Kiɗan yana tafiya da bugu kamar 120 zuwa 130 a minti, kuma ba a so ya yanke ko sau ɗaya tun tsakar dare har hantsi. Wannan shi ne ɓangaren hannu. Ɓangaren da ya fi wuya shi ne karanta jama'a: yaushe suka gaji, yaushe za a janye ganga a bar murya kaɗai har su ƙosa, yaushe za a mayar da ita. Dijen da ya kuskure wannan, fili yakan watse masa ko da faya-fayansa sun fi na kowa.

Da sababbin faya-fayan disko suka yi ƙaranci, sai Knuckles ya koma gyaran tsofaffi. Akan naɗi waƙa a kan zaren naɗar murya, a yanke shi da reza, a liƙa, a maimaita wurin da masu rawa suka fi so. Daga baya ya riƙa ɗora bugun akwatin ganga na lantarki ƙarƙashin waƙoƙin domin su yi nauyi.

Waɗannan akwatuna suna da nasu labari. Kamfanin Roland na Japan ya fito da TR-808 a 1980, ya yi kamar guda 12,000, ya daina a 1983, saboda makaɗa na sana'a sun raina ta, suna cewa ba ta yi kama da ganga ta gaske ba. Ƙanwarta TB-303, wadda aka yi domin ta maye gurbin gitar mai babbar murya ga mai koyo a ɗaki, ita ma ba ta yi kasuwa ba. Suka ƙare a kantunan tsofaffin kaya, inda yaran unguwannin talakawa suka iya sayensu da araha. Wasu samari 3, DJ Pierre da Spanky da Herb J, waɗanda suka sa wa ƙungiyarsu suna Phuture, suka samu TB-303 ɗaya ba su san yadda ake sarrafa ta ba. Pierre ya yi ta murɗa ƴan maɓallanta tana cikin kiɗa, sai ta riƙa wani irin kuka kamar na kwaɗo cikin tulu. Suka naɗa, suka kai wa Ron Hardy, dijen gidan Music Box. Yadda su da kansu suke ba da labari, da ya sa a karo na fari mutane suka bar fili. Ya sake sawa, ya kuma sakewa, a karo na 4 gidan ya hargitse da rawa. Aka buga shi faifai a 1987 da sunan Acid Tracks, kuma daga shi wani reshe sukutum na kiɗan ya tsiro.

Ba a Amurka kaɗai mutum guda da na'ura guda suka zama ƙungiyar makaɗa a waɗannan shekaru ba. A Yamai, Mamman Sani ya samu wani organ na lantarki ƙirar Italiya, ya naɗi kaset ɗinsa a gidan radiyon ƙasa a 1978. Kiɗansa mai sanyi ne, ba irin na gidajen rawar Shikago ba, kuma ƴan Nijar sun daɗe suna jin sa tsakanin shirye-shiryen radiyo da tele, da yawa ba su san mai shi ba. Sai a 2013, bayan shekara 35, kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake buga shi, masu sha'awar kiɗan lantarki na Turai suka san da zamansa.

A Shikago kuwa, bayan dije sai mai haɗa kiɗa, wanda ke zama a ɗakin kwanansa da akwatin ganga da na'urar naɗa ya fitar da waƙa ba tare da ya ɗauki makaɗi ko ɗaya ba. Jesse Saunders da Vince Lawrence suka fitar da On and On a farkon 1984. Da sauran samari suka ji, suka ga abu ne da su ma za su iya, sai kowa ya shiga. Amma waƙa ba ta zama kuɗi sai an buga ta faifai, kuma ma'aikatar buga faya-fayai ta birnin tana hannun wani ɗan kasuwa, Larry Sherman, mai kamfanin Trax. An san faya-fayan Trax da ƙaiƙayin sauti, domin ana narkar da tsofaffi ne a sake bugawa. Yara masu shekara 19 ko 20 suka riƙa ba da ayyukansu a kan ɗan abin da aka miƙa musu hannu da hannu, ba lauya, wani lokaci ba takardar kirki. A lokacin babu wanda ya zaci waƙoƙin za su wuce ƴan unguwanni. Sun wuce: a watan Janairu na 1987, Jack Your Body na Steve Hurley ya hau matsayi na 1 a jerin faya-fayan da aka fi saye a Ingila, alhali a Amurka manyan gidajen radiyo ba su kula da kiɗan ba.

Birnin Ditroyit, wanda rufe ma'aikatun ƙera motoci ya naƙasa, ya ba da nasa kason. Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson, abokai tun suna lise a garin Belleville, sun taso suna jin ƙungiyar Kraftwerk ta Jamus a shirin dare na radiyo. Kiɗansu ya fi na Shikago bushewa da kama da motsin inji. Sunan techno ya kama shi ne a 1988, lokacin da wani kamfanin Ingila ya tattara ayyukansu a faifai guda.

A nan mutum na 3 ya shigo, wato mai shirya biki, kuma daga shigarsa ne lissafin ya sake. A 1987 wasu dije na London, cikinsu da Paul Oakenfold da Danny Rampling, suka je hutu tsibirin Ibiza na Sifen, suka komo suka buɗe darare irin waɗanda suka gani can. Cikin shekara 2 gidajen rawa suka yi wa jama'a kaɗan. Masu shirya biki irin su Tony Colston-Hayter suka koma hayar gonaki da rumfunan jiragen sama a bayan gari. Ana sayar da tikiti ba tare da an faɗi wuri ba. Sai daren ya yi a buga wata lambar tarho a ji inda za a nufa, domin kada ƴan sanda su riga jama'a isa. Dubban motoci su ɗunguma cikin dare. Ba za a ɓoye ba, ƙwayar ecstasy ta bi bikin ƙafa da ƙafa, ta kashe matasa, ta kuma jawo ƴan daba masu neman rabonsu a ƙofa. Bayan wani taro na mako guda a Castlemorton cikin watan Mayu na 1992, wanda ya tara mutane fiye da 20,000, majalisar Ingila ta yi doka a 1994 da ta ba ƴan sanda ikon watsa irin wannan taro, har dokar ta siffanta kiɗan da cewa mai bugu ne da ke ta maimaituwa. Dokar ba ta kashe rawar ba. Ta kore ta daga gonaki zuwa manyan gidaje masu lasisi, wato zuwa hannun masu jari.

A Jamus, faɗuwar katangar Balin a 1989 ta bar gine-gine da yawa ba mai su. A ƙarƙashin ɗaya daga ciki, cikin tsohon ɗakin ajiyar kuɗi na wani babban kanti, aka buɗe gidan Tresor a 1991, aka riƙa gayyato dije daga Ditroyit, irin su Jeff Mills, waɗanda suka samu a can girman da ba su samu a gida ba. Jerin gwanon Love Parade ya fara da mutane 150 a 1989, ya kai kimanin miliyan 1 da rabi a 1999. Ƙarshensa bai yi kyau ba. Ran 24 ga Yuli 2010, a birnin Duisburg, aka tura taron ta wata hanya ƙarƙashin gada wadda ita ce mashiga ita ce mafita, mutane 21 suka mutu cikin turmutsitsi, fiye da 500 suka ji rauni. An gurfanar da ma'aikatan kamfanin da ya shirya da na hukumar birni, amma aka rufe shari'ar a 2020 ba a yanke wa kowa hukunci ba.

Sai wajen 2010 Amurka ta rungumi kiɗan da aka haifa a cikinta, bayan ya komo mata daga Turai da sabon suna da sababbin fuskoki, akasari farare. Otal-otal na Las Vegas suka shiga gasar ɗaukar dije. Mujallar Forbes ta ƙiyasta cewa Calvin Harris, ɗan Sikotilan, ya samu dala miliyan 66 a lissafinta na 2014. Ba laifinsa ba ne, kuma ya iya aikinsa. Amma Hausawa sun riga sun yi wa irin wannan rabo suna: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A wannan shekara ta 2014, ran 31 ga Maris, Frankie Knuckles ya rasu yana da shekara 59, bayan fama da ciwon sukari. Shi dai ya ga wani abu da idonsa: ya karɓi lambar Grammy a 1998, kuma a 2004 aka sa sunansa a titin da Warehouse take, da taimakon wani ɗan majalisar jiha mai suna Barack Obama. Wasu sai da suka je kotu. A 2020, shekarar da Larry Sherman ya rasu, Larry Heard da Robert Owens suka kai ƙarar Trax, suna cewa ba a biya su haƙƙin waƙoƙin da suka yi tun shekarun 1980 ba. A 2022 aka sasanta, aka mayar musu da mallakar ayyukansu, bayan shekara fiye da 30. Cikin wannan shekara wasu makaɗa fiye da 10 suka shigar da tasu ƙarar, kuma cikin masu ƙarar akwai Vince Lawrence, yaron nan na filin Comiskey.

A watan Yuni na 2023 majalisar birnin Shikago ta sa ginin Warehouse cikin gine-ginen tarihi da ba a yarda a rushe ba, bayan masoya kiɗan sun tara dubban sa hannu saboda tsoron sababbin masu ginin za su rushe shi. A watan Maris na 2024 kuma Jamus ta rubuta techno na Balin cikin kundin al'adunta na gado.