Tulun citta na ƙasar Sin: kafin ka biya, juya gindinsa

Kwanakin baya wani Alhaji mai sauraronmu, wanda ke ɗauko takalma da jakunkuna daga Gwanzu, ya shigo gidan rediyonmu da wani ƙunshi a hammata. Da ya kwance, sai ga ɗan tulun tangaran, fari da zanen shuɗi, mai faɗin kafaɗa da ƙaramin baki, da murfi kamar hula. Ya ce wanda ya sayar masa ya rantse kayan gidan sarautar da ne, kuma in ya kai shi Turai zai gina gida da kuɗin. Abin da ya biya zai sayi sa mai kyau a kasuwar Maraɗi. Shi ya sa na ga ya kamata mu tattauna wannan batu, don na san ba shi kaɗai ba ne.

Turawa ne suka raɗa wa irin wannan tulu suna tulun citta. A ƙasar Sin mazubi ne na gishiri, mai, ganyen shayi da kayan yaji. A ƙarni na 19 an riƙa dafa citta da sukari, a zuba a ciki, a tura Turai cikin jiragen ruwa. Citta ta ƙare, tulu ya koma kayan adon ɗaki, kamar yadda iyayenmu mata ke jere da tangaran da kwalla.

Cibiyar sana'ar ita ce birnin Jingdezhen a lardin Jiangxi, wanda ya samu wannan suna tun shekarar 1004. Sirrin yana cikin haɗa farin yumɓu da garin wani dutse, a gasa da wuta mai zafin kusan digiri 1,300. Nan ne tangaran ya bambanta da tukunyarmu ta ƙasa: ba ya tsotson ruwa, in ka ƙwanƙwasa shi kuma sai ya yi ƙara kamar ƙararrawa. Shuɗin zanen daga wani ma'adini ne da ake kira kobal, wanda a ƙarni na 14 fatake ke kawowa daga Farisa. Ana yin zane tukuna, a shafe shi da ruwan ƙyalli, sannan a gasa, don haka wanki ba ya goge shi. Wani limamin Kirista Bafaranshe da ya zauna a garin ya rubuta a 1712 cewa kwano guda kan ratsa hannun ma'aikata har 70 kafin ya kammala.

Turawa sun daɗe suna haukar wannan kaya ba su san yadda ake yin sa ba. A 1717 sarkin Saksoni, a Jamus ta yau, ya ba sarkin Farusiya sojojin doki 600 a madadin tangaran 151. Mutum da ransa a bakin tulu! Wannan sarki ne kuma ya kafa masana'antar Meissen a 1710, bayan da ma'aikatansa suka gano dabarar.

To, ina maganar kuɗi? Gaskiya ne ana samun abin mamaki. A 2005 an yi gwanjon wani tulu na ƙarni na 14 a Landan a kan fam miliyan 15 da ɗoriya. A 2014 wani attajirin Sin, Liu Yiqian, ya sayi ɗan kofi mai zanen kaji a Hong Kong a kan kimanin dala miliyan 36. A 2021 kuma an sayar da wani ɗan kwano a Amurka fiye da dala dubu 700, alhali mai shi dala 35 ya saye shi a gwanjon ƙofar gida. Irin waɗannan labarai ne dillalai ke kaɗa wa baƙo a kunne. Abin da ba sa faɗa shi ne, waɗancan kaya ne ƙalilan da masana suka tantance. Tulun citta kuwa an yi shi ne da yawan gaske don ciniki, har gobe ana yin sa, kuma mafi yawansa kayan ado ne mai sauƙin kuɗi.

Wanda masu tarawa suka fi so shi ne na zamanin sarki Kangxi, daga 1662 zuwa 1722, musamman mai fararen furanni a kan shuɗi mai tsage-tsage kamar fasasshiyar ƙanƙara. Furen na wata itaciya ce da ke toho tun sanyi bai wuce ba, shi ya sa ake ba da tulun kyauta a bikin sabuwar shekara. A nan ne tarko yake. Rubutun sunan sarki da ke gindin tulu ba shaida ba ne. Tun ƙarni na 19 maƙeran tangaran ke sa sunan Kangxi a kan sabon aiki, kuma da yawa daga na ainihin zamaninsa ba su da suna ko kaɗan, sai zobe biyu na shuɗi babu komai a ciki. In kuma ka ga an rubuta China da boko, to bayan 1890 aka yi shi, lokacin da Amurka ta wajabta sa sunan ƙasa a kan kayan da ake shigar mata.

Masu kwaikwayo sun ƙware. Suna jiƙa sabon tulu a ruwan shayi, su kashe ƙyallinsa da ruwan asid, su binne shi a ƙasa. Wasu har tsohon gindi suke liƙa wa sabon jiki. Duk da haka akwai abin da ido zai iya kamawa. Zanen hannu yana da wurin da shuɗi ya yi duhu da wurin da ya yi haske, kuma fure biyu ba sa zama iri ɗaya sak. Na inji kuwa ɗige-ɗige ne in ka sa madubin ƙara girma. Dubi zoben gindi inda babu ƙyalli: tsohon kaya ya side da zama, sabo yana da kaushi ko dattin da aka shafa da gangan.

Sai babbar magana ga mai zuwa Gwanzu. Tun 2007 ƙa'idar ƙasar Sin ta hana fitar da kayan tarihin da aka yi kafin 1911. Ke nan in mai shago ya ce maka tulunsa ya shekara 300, ɗayan biyu ne: ko dai ƙarya yake yi, ka yi asarar kuɗinka, ko kuma gaskiya ce, ƴan duwan su ƙwace shi a filin jirgi, kai kuma ka shiga hannun hukuma da fasfo ɗinka da sauran hajarka. A ganina, wanda ke son wannan kaya ya saye shi a matsayin sabo, da farashin sabo, ya karɓi rasit. Kasuwarsa na nan wurin masu kayan ɗakin amare.

Tulun Alhaji dai mun duba shi da madubin mai gyaran agogo da ke maƙwabtaka da mu. Furanninsa duk ɗige-ɗige ne, kowane kamar ɗan'uwansa. Ya yi shiru, ya naɗe abinsa. Da muka haɗu ran kasuwa ya ce uwargida ta karɓe, dabino take zubawa a ciki.