Amurka: yadda bankuna ke rufe katin bashin wanda ya ƙi cin bashi

A Amurka mutum na iya riƙe katin bashi na banki shekara 10, bai taɓa makarar biya ko da kwana guda ba, amma ranar da ya ciro shi a kanti na'ura ta ƙi karɓa. Idan ya kira banki, sai a shaida masa an rufe asusun tun watannin baya, saboda ya daɗe bai sayi komi da shi ba. Lamarin ya shafi ƴan Nijar mazauna birane irin su Greensboro da New York, musamman masu zuwa gida su yi wata biyar ko shida, ko su tsaya kan gini, katin kuwa yana can cikin akwati.

Galibin katunan da aka sani a Yamai, Maraɗi ko Damagaram kuɗin mai asusu suke cirowa. Katin bashi kuwa kuɗin banki ne. Banki ya yanka wa mutum iyakar abin da zai iya ranta, ya yi sayayya, ƙarshen wata a aiko masa lissafi. In ya biya duka a kan lokaci babu kuɗin ruwa. In ya bar saura, ruwa ya fara hawa, kuma tun 2023 matsakaicinsa a Amurka ya haura kashi 20 cikin 100 a shekara.

Daga nan banki ke ci, sai kuma ɗan kason da yake yanka daga hannun mai kanti a kowane ciniki, da kuɗin shekara a kan wasu katunan. Katin da ke kwance ba ya kawo ruwa, ba ya kawo kason ciniki. Ga shi kuma alkawari ne a wuyan banki: mai shi na iya tashi rana guda ya kwashe duk abin da aka yanka masa, kuma sau da yawa mutum ba ya yin haka sai aiki ya kuɓuce masa, wato daidai lokacin da biya zai yi wuya. Ɓarayin intanet ma sun fi jin daɗin asusun da babu mai leƙa shi.

Dokar ƙasar ta ba bankuna wannan dama. Ƙa'idar tarayya da ake kira Regulation Z ta hana a rufe wa mutum asusu don kawai ba ya biyan kuɗin ruwa, amma ta halatta rufe wanda ya yi wata uku a jere babu sayayya, babu bashi a kansa. A aikace bankuna da yawa sukan jira shekara ko fiye, kowane da tsarinsa. Wata ƙa'idar, Regulation B, wadda ta wajabta wa banki bayyana dalili idan ya hana mutum rance, ta cire rufewa saboda rashin amfani daga cikin abubuwan da sai an sanar. Shi ya sa wasu ba su ji labari sai a gaban mai kanti. A da wasu bankunan tara suke ci a kan katin da ba a taɓa ba, sai dai an haramta hakan daga 22 ga Agusta 2010, bayan dokar katunan bashi ta 2009. Da tarar ta tafi, rufewa ce ta rage a hannunsu.

Wani zai ce, to mene ne, ai wanda ba ya amfani da kati bai yi asarar komi ba. A Amurka akwai asara, domin kowa na yawo da maki a kansa. Kamfanoni uku, Equifax, Experian da TransUnion, su ke tattara tarihin bashin jama'a, daga nan ake fitar da makin FICO mai tashi daga 300 zuwa 850. Mai ba da rancen mota ko na gida yana duba shi, masu gidajen haya da dama ma suna duba tarihin. Kusan kashi 30 cikin 100 na makin ya dogara ne kan yawan bashin da ke kan mutum, ciki har da yadda ya ci daga iyakar da aka yanka masa.

A ɗauki mai kati biyu, kowane da iyakar dalar Amurka 5,000 (ba dalarmu ta sefa biyar ba). Ana bin sa 2,000 a kan ɗaya, ɗayan yana ajiye don ranar tsiya. A lissafi ya ci kashi 20 cikin 100 na abin da aka ba shi. Ranar da aka rufe na ajiyar, ya koma kashi 40, alhali bai ƙara rancen ko sisi ba. Maki ya sauka, kuma idan a wannan watan ya je neman rancen mota don aikin tasi, ruwan da za a ɗora masa na iya ƙaruwa. Abin da ke da ɗan sauƙi shi ne, asusun da aka rufe lafiya yakan zauna a tarihin mutum har shekara 10, don haka daɗewarsa ba ta gogewa nan take.

Maganar amana ce ta fi ci wa mutane rai. Wanda ya tashi yana ganin mai kanti a kasuwar Maraɗi da littafin bashinsa ya san cewa tsohon abokin ciniki in ya ɓace wata shida, cigiyarsa ake yi, ko lafiya, kuma ranar da ya dawo shafinsa na nan. Bankunan Amurka ma suna tallar irin wannan zumunci. American Express har shekarar da mutum ya shiga yake bugawa a fuskar kati. To amma kamfanin nan ne a watan Fabrairun 2009, ana tsakiyar rikicin tattalin arziki, ya yi wa wasu masu katinsa tayin dalar Amurka 300 don su biya abin da ake bin su, su rufe asusu su tafi. A 2020 ma, da annobar korona ta sa mutane rasa aiki, bankuna sun rage iyakar katuna, sun rufe wasu da ke kwance. Daɗewa ba ta ceci kowa ba, abin da na'urar banki ke dubawa shi ne motsin asusu.

Wanda abin ya fi faɗawa kansa kuwa shi ne mai taka-tsantsan. Musulmi da yawa a can sun karɓi katin ne don dole, don su gina maki, suna ƙyamar riba, malamai kuma sun sha bamban kan halaccin sa hannu a yarjejeniyar da ke ɗauke da sharaɗin ruwa ko da mutum ba zai taɓa biyansa ba. Irin wannan mutum yakan ajiye katin nesa da aljihu don gudun fitina, shi ne kuma na farko da ake sharewa.

Dabarar da masu ba da shawara kan kuɗi suka saba bayarwa ba ta da wuya. Kafin tafiya gida, a ɗaura wa katin wani ƙaramin biya na wata-wata, kamar kuɗin waya, a kuma sa asusun ajiya ya riƙa biyan lissafin duka da kansa. Kati na motsi, ruwa bai hau ba. A tabbata banki na da adireshin imel mai aiki, tun da wasiƙar takarda ba za ta bi mutum Tawa ba.

Idan kuma an riga an rufe, gara a kira da wuri. Wasu bankunan sukan sake buɗewa idan abin bai daɗe ba, wasu kuwa sai su ce a cike sabuwar takarda. Sabuwar takarda na nufin sabon bincike, wanda shi ma yakan ɗan rage maki, kuma asusun da za a buɗe daga bana zai fara ƙirga shekarunsa.